Hattara da mai hular kwanon "Beljiyom" da ke zagaya tashoshin acaba a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa masu neman halaliyarsu a kan babur a Legas, 'yan acaba da masu kai saƙo, musamman ciyamomin tasha. Akwai wani mutum da ke zagaya tashoshinmu na Agege da Iyana Ipaja da Ikotun, har an ce ya fara leƙa Ikorodu, yana tallar hular kwano a kan rabin kuɗin kasuwa. Kada kowa ya ba shi ko sisi. Ni gyaran babur nake yi a Agege, hulunan da yake rabawa sun zo hannuna, na farke su na ga abin da ke ciki.

Kama sunansa ba zai amfane ku da komai ba, don sunan da ya bayar a wannan tasha daban yake da na waccan, lambar waya ma haka. Salon ne ba ya canzawa. Yakan zo bayan La'asar, lokacin da aiki ya ɗan lafa ana zaune wajen mai shayi. Hausa a bakinsa tas, ya iya gaida manya, in an ta da salla ya bi sahu. Ciyaman yake fara nema, ba ya bi ta kan yara. Bayan an gaisa sai ya zuge jaka ya fito da hula ɗaya tak, mai rufe fuska duka, mai nauyi, cikinta lafiya lau. Wannan hular ta gaske ce, ban da ja a kanta. Ya miƙa ta a zagaya, kowa ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya gwada a kansa. Sannan ya kawo labari: wai kwantena ce 'yar Beljiyom ta maƙale a Apapa, mai ita ya rasa kuɗin fito, ana son a rabu da kayan da gaggawa. In tasha ta haɗa mutum ashirin ko talatin, a ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko sai kaya sun iso. Ta ciyaman kuwa kyauta ce.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wata tashar ba ta ƙara sa shi a ido, waya a kashe. Wata kuma a kawo mata kaya. A ganina waɗanda ya gudu da kuɗinsu sun fi samun sauƙi, don kuɗi kawai suka rasa. Waɗanda aka kawo wa kaya su ne ke yawo a titi yanzu da abin da suke zaton zai tare musu kai.

Ku lura da yadda ake kawo kayan. Shi ba ya zuwa. Ɗan aike ne zai iso da buhu bayan Isha'i, kowace hula a cikin leda an naɗe ta da salatif, yana ta sauri wai ana jiransa a wata tasha. Ciko kuma a tura shi asusun da sunan da ke kai bai yi kama da na mai kayan ba, ko a biya wajen mai POS. A duhun nan ba wanda ke tsayawa farke leda, fenti dai yana ƙyalli, kala iri ɗaya da wadda aka nuna.

Wani yaro ɗan garinmu, wanda bai daɗe da zuwa Legas ba, shi ya fara kawo min tasa, gilashin ya zame gefe ɗaya.

"Oga, don Allah ɗan ɗaure min wannan, jiya-jiya na karɓe ta."

Ina ɗaga ta na ji ba nauyi. Na sa tafin hannu biyu na matsa gefe da gefe, sai ga ta tana lanƙwashewa har kumatun suna neman haɗuwa. Na ja ƙyallen ciki, ya biyo hannuna da ƙarar gam. Abin da ke ƙarƙashi guntun soson katifa ne ruwan ɗorawa, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, an manna shi a tsakiyar kai kawai. Gefen kunne da ƙeya roba ce tsirara. Igiyar haɓa da ɗan maɓallin roba aka kafe ta, na fizga sau ɗaya ta fita. Sitikar DOT, wato alamar inganci ta Amurka, da ke bayanta kuwa da farce na ɓanɓare ta.

"Ƙanena, wa ya sayar maka da wannan?"

"Ai Baba Ciyaman ne ya haɗa mu, shi ma irin ta gare shi."

Na aika aka ɗauko ta ciyaman. Tasa ta gaske ce, ita ce ma wadda aka zagaya da ita ranar farko. Dattijon bai ci amanar kowa ba, da shi aka yi talla bai sani ba, kuma da ya ga cikin ta yaron sai da ya zauna.

Abin da ke ceton kai a hular kwano yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ɓawon waje aikinsa ya hana abu mai tsini hudawa, ya kuma baza ƙarfin bugu. Ƙyalle da soso mai laushi da ke taɓa fata don jin daɗi ne da tsotse zufa. A tsakaninsu akwai farin soso mai tauri, dangin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali, amma ya fi shi ƙarfi, kaurinsa inci ɗaya ko kusa da haka, kuma ya lulluɓe kan duka. In mutum ya faɗi, wannan soson ne ke murƙushewa ya shanye bugun, ƙwaƙwalwa ta samu ta tsaya a hankali maimakon ta daki ƙoƙon kai. Soson katifa ba ya wannan aiki, yana lotsewa ne nan take bugun ya wuce kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saka hula mai kyau yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69 cikin 100. Wannan lissafi da hular gaske aka yi shi. Hukumar kula da kiyaye haɗurra a titunan Amurka ma tana gargaɗin cewa hular jabu sau da yawa ba ta wuce rabin kilo, alhali ta gaske tana kusan kilo 1.4.

Manya za su tuna farkon 2009, da 'yan Rod Sefti suka fara tilasta hular kwano, aka riƙa ganin 'yan acaba da ƙwarya da tukunya da robar fenti an ɗaura musu igiya. An sha dariya lokacin. Amma mai ƙwarya ya san ƙwarya ce a kansa, jami'i yake yi wa wayo, in ya zo kwana yana rage wuta. Yaron nan da ya zo wurina ya yarda kansa a tsare yake.

A cikin buhun akwai wani iri na biyu, shi ya fi wuyar ganewa. Huluna ne na gaske, gwanjo, waɗanda aka riga aka yi haɗari da su a wani wuri. An cike tsagar da fila irin ta masu gyaran bodi, an goge, an fesa sabon fenti. Nauyi yana nan, farin soso yana nan. Matsalar ita ce soson sau ɗaya yake aiki; in ya murƙushe ba ya tashi, ko da daga waje ba a ga komai ba. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera hula suke cewa a canza ta bayan kowane bugu mai ƙarfi, da yawansu kuma su ce ko ba a faɗi ba a canza bayan kamar shekara 5. Ka shinshina ta: warin sabon fenti a waje, warin tsohuwar zufa a ciki, ka ajiye. Ka ɗaga ƙyallen ka bi soson da yatsa, in ka ji wani wuri ya lotsa ko ya tsage ko an manne shi da gam, ta gama aiki. Ni kam ban ba kowa shawarar sayen hular gwanjo ba, ko a hannun mai gaskiya ne, don shi ma bai san tarihinta ba. Riga ka saya gwanjo, takalmi ka saya gwanjo.

Maganar sitika kuwa, da ita yake rufe bakin masu ɗan ilimin boko. DOT ma'aunin Amurka ne, kuma can ma kamfani ne da kansa ke shaida cewa hularsa ta cika sharaɗi, hukuma ta riƙa ɗiba daga kasuwa tana gwadawa daga baya. Tun 2013 alamar gaske tana ɗauke da sunan kamfani da samfurin hular, da DOT, da FMVSS No. 218, da CERTIFIED. Haruffa uku kaɗai a kan sabuwar hula, kowane mai buga sitika zai yi maka su. Mai cewa kayansa 'yan Turai ne, ka duba igiyar haɓa: hular da ta cika ma'aunin ECE 22 tana da ɗan farin ƙyalle ɗinke a jikin igiyar, da harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da ita, E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Birtaniya, sai doguwar lamba da ta fara da 05 ko 06. 'Yan Indiya kuma alamar ISI ce da lamba IS 4151. A nan gida hukumar SON ke kula da ingancin kaya, kuma ɗan kasuwar da ya shigo da kaya ta hanya yana da takardar SONCAP. Duk waɗannan ma ana iya kwaikwayonsu, don haka alama tana taimakawa ne bayan hannunka ya shiga cikin hular.

Ƙaryar da ta fi ba ni haushi ita ce wadda yake raɗa wa yara a gefe: wai hularsa tana da lambar gwamnati, mai ita 'yan tasfos masu kama babura ba sa taɓa shi ko a Ikeja. Babu wannan zance. Gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba gaba ɗaya daga 1 ga Yuni 2022 a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, ta ƙara Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin daga 1 ga Satumba na shekarar. Manyan tituna da gadoji kuma tun dokar 2012 ta zamanin Fashola aka fara haramta su. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi, kowa ya gani. Ba hular da ke ɗage wannan doka, kuma yaron da ya yarda ya kutsa Oshodi da fasinja saboda sitika zai rasa babur ɗin da wataƙila bai gama biyan mai shi ba.

Hulunan jabun nasa duk girma ɗaya ne, wai kowa da kowa. Wannan kaɗai ya isa a gane, don hular gaske da lamba take zuwa. Ka ari tef wajen tela ka auna zagayen kanka, ɗan sama da gira da kunnuwa. Galibi santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL, ko da yake kamfani da kamfani sukan ɗan bambanta, shi ya sa sai ka saka da kanka. Sabuwa za ta ɗan matse ka wajen shiga, ta kama kumatu. Ka riƙe ta ka juya hagu da dama. In fatar goshi da kumatu suna bin ta, ta yi, in ita kaɗai ke yawo, ta yi yawa. Ka ɗaure igiya har yatsa ɗaya ko biyu ne kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa, sannan ka sa wani ya kama ta daga ƙeya ya tura gaba da ƙarfi. In ta fita, haka za ta fita ranar faɗuwa kafin kanka ya kai ƙasa. Ka bar ta a kai na ɗan lokaci a shagon, in wani wuri ya fara yi maka zugi, siffarta ba ta kanka ba ce, nemi wata. Kuma a cire hular gida ko hana-salla kafin a gwada. Na san zafin Legas da zufa, amma mai sayen babba don ya ɗora ta kan zanna ya sayi wadda za ta tashi. Hular 'yan gini mai ruwan ɗorawa kuma an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soson da ake magana.

Saye a haɗe ba laifi ba ne, yana ma rage kuɗi. Amma ciyamomi, ku tura mutum biyu su je shagon da ke da ƙofa da rasit, su ga kaya da rana, a buɗe kowace hula a gabansu kafin kuɗi ya fita. Mai gaskiya ba zai hana ka ɗaga ƙyalle ba.

Waɗanda suka riga suka biya, kada kunya ta sa ku yi shiru, da shirun yake samun tasha ta gaba. Ku je bankinku da wuri da shaidar tura kuɗin ku shigar da ƙorafi, ku haɗa lambobin asusun da na wayar da ya ba kowa, ciyaman ya jagorance ku ofishin 'yan sanda a tare. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar irin wannan ƙara, SON kuma a kai mata hula ɗaya ta gani. In ya sake ɓullowa kada a taɓa shi, a zaunar da shi a kira hukuma, kun san yadda ƙaramin rikici ke juyewa a kan mutanenmu a garin nan. Sauran hulunan kuma kada a ajiye su don fasinja, kada a sayar wa sabon zuwa don a rage asara. Ku kawo su gareji, akwai guduma.