Kakin farafin ko kakin zuma: da wanne za a yi kyandir mai ƙamshi?

'Yan uwa mata masu son fara sana'ar kyandir a nan Zariya suna yawan yi mini wannan tambayar.

Farafin, wato kakin da ake samu daga ɗanyen man fetur, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma yana karɓar man turare sosai, ɗaki gaba ɗaya zai ɗauka. Matsalarsa hayaƙi. In lagwani ya yi tsawo, bakin kwalba ya yi baƙi, mai saye kuwa ba za ta dawo ba.

Kakin zuma sai an narka an tace da ƙyalle mai tsabta, don ɗanyensa akwai datti. Ba ya narkewa sai wajen digiri 62, shi ya sa ko a zafin Afrilu kyandirinsa kan tsaya cikin kwali ba tare da kwalba ba. Ya kuma fi jimawa yana ci. Abin da ke damuna da shi, ƙamshin zumarsa yana danne turare mai laushi.

Mai ƙaramin jari da ke sayar wa ɗaliban Samaru, farafin a gwangwani ya fi mata. Mai haɗa kayan ɗakin amarya ko tsarabar biki, ta ɗauki kakin zuma.