Mako goma a kwas ɗin Jung da tatsuniyoyi: abin da na samu

Saboda wani abokin aikina na shiga kwas ɗin, ko da yake shi bai sani ba. Shekara biyu muna ofis ɗaya, kuma da wuya ya buɗe baki raina bai ɓaci ba. Laifinsa a wurina shi ne ya iya cewa a'a. A ɗora masa aikin da ba nasa ba, sai ya ce ba zai samu dama ba, ya tattara takardunsa ya tafi, ni kuwa in zauna har dare ina yi ina ƙunƙuni. Da abin ya fara hana ni barci, sai na yi rajista da wani kwas na intanet mai haɗa ilimin zurfin zuciya da tatsuniyoyin mutanen da.

Tsarinsa ba wuya. Kowane mako akwai bidiyo biyu, da labari guda da za a karanta, da zama na awa ɗaya da rabi tare da malamar da sauran ɗalibai. Sai littafin rubutu da za ka ajiye a gefen gado, ka rubuta mafarkinka da zarar ka farka, kafin ya gudu.

Ginshiƙin karatun shi ne Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan da ya rayu daga 1875 zuwa 1961. Ya yi aiki tare da Sigmund Freud, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, suka raba gari a 1913. A ganin Jung, ƙarƙashin abin da kowa ya binne na kansa akwai wani ɓangare na zuciya da 'yan Adam suka yi tarayya a cikinsa, wato zuciyar tarayya, shi ya sa ake samun uwa, da dattijo mai hikima, da mayaudari a labaran al'ummomin da ba su taɓa haɗuwa ba.

A mako na uku aka zo kan abin da Jung ya kira inuwa, wato halayen da mutum ya ƙi amincewa nasa ne, ya tura su baya, sannan ya riƙa hango su a jikin wasu. Aka ce kowa ya rubuta mutumin da ya fi ba shi haushi da halaye biyar da ya tsana a gare shi. Na cika shafi cikin minti biyu. Sai malamar ta ce mu dubi kowane hali mu tambayi kanmu yaushe aka hana mu shi, kuma wa ya hana. Nan alƙalamina ya tsaya. Ni ne babba a gidanmu, tun ina yaro ake yabona da cewa ba na musu, na riƙe yabon nan har ya zama ni. Ashe ba son kan abokin aikina ke ƙona ni ba, 'yancin da yake da shi ne, wanda na haramta wa kaina na sa masa suna kirki. Ban taɓa sanin cewa inuwa tana ɗauke da abin alheri ba, na ɗauka mugunta ce zalla. Wannan darasi shi kaɗai ya biya ni wahalar mako goman.

Labarin da ya fi zama mini shi ne na Inanna, abar bautar mutanen tsohuwar ƙasar Sumer ta kudancin Iraƙi, wanda aka samu a rubuce kan allunan yumɓu. Ta sauka ƙasar matattu wurin 'yar'uwarta Ereshkigal, ta bi ƙofa bakwai, a kowace ƙofa ana cire mata wani abu na sarauta, kambi ko tsakiya ko sutura, har ta isa ba ta da komai. Ba wanda ya ce mu gaskata labarin, kuma na ji daɗin yadda malamar ta faɗi haka ƙarara tun ranar farko. An ba mu shi ne a matsayin madubi. Aikin shi ne ka lissafa abubuwa bakwai da kake tunƙaho da su, ka cire su ɗaya bayan ɗaya a takarda, ka ga wa ya rage. A ƙofa ta huɗu na rubuta "mutumin da kowa ke dogaro da shi", kuma sai da na kwana biyu kafin na iya ci gaba.

Akwai inda kwas ɗin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. An ɓata mako biyu kan tafiyar gwarzo da Joseph Campbell, masanin tatsuniyoyi ɗan Amurka, ya tsara a 1949: kira, fita, jarrabawa, dawowa. Aka riƙa cusa rayuwar kowa cikin wannan awo ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Wata ɗaliba mai jinyar mahaifiyarta shekara shida ta ce ita ba ta fita ko'ina ba, zama ne aikinta, kuma ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba. Haka kuma an gabatar da ra'ayin zuciyar tarayya kamar tabbataccen abu, alhali masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su karɓe shi ba, don ba a iya gwada shi. Abin da ya fi damuna shi ne shirun da aka yi kan tafiyar Jung zuwa Kenya da Yuganda a 1925, da yadda ya kwatanta baƙar fata a matsayin mutanen da tunaninsu bai gama wayewa ba. Da na ta da maganar, sai aka ce mutumin zamaninsa ne, aka wuce. Wanda ya koyar da inuwa ya cancanci a dubi tasa.

Yabo ɗaya da ba zan danne ba: da wani ɗalibi ya fara maganar cewa rayuwa ta ishe shi, malamar ba ta fassara masa mafarki ba. Ta tsayar da zaman, ta ce ya ga likita a makon, kuma ta bibiye shi. Duk mai fama da ciwon damuwa mai tsanani, asibiti ya kamata ya fara zuwa, ba nan ba.

Mafarkan kuwa, babu ƙamus na ma'ana. Tambaya ɗaya ake maimaitawa, me wannan hoton yake tuna maka. Nawa yawanci na ɗaukar kayan wasu ne a tashar da ban sani ba. Wata uku ke nan da gamawa, har yanzu ina rubutawa. Makon jiya aka miƙo mini rahoton wani sashe da ƙarfe biyar saura, na ce ba zan samu dama ba. Muryata ta yi rawa. Muka fito tare da abokin aikin nan, ya riƙe mini ƙofa.