Age of Empires II ko Civilization VI: wanne uba ɗan 46 zai buga da ɗansa ɗan 14?

Malam, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce shekarunka 46, rabonka da Age of Empires tun kana jami'a, yanzu ga yaronka mai shekara 14 ya fara sha'awar wasannin dabara na kwamfuta, kana so ku riƙa bugawa tare. Damuwarka biyu: ko ka wuce munzalin abin, sannan wanne za ka saya tsakanin Age of Empires II da Civilization VI.

Ta farkon ba ta da wuya. Ƙungiyar kamfanonin wasannin bidiyo ta Amurka, ESA, tana fitar da rahoto duk shekara. A 2004 matsakaicin shekarun mai buga wasa a can 29 ne, a 2024 ya kai 36. Lissafin Amurka ne, kuma ya haɗa kowane irin wasa har da na waya, amma dalilin hauhawar a fili yake: yaran da suka fara ba su daina ba, girma kawai suka yi. Civilization na farko ya fito a 1991, Age of Empires a 1997, na biyunsa a 1999. Wanda ya buga Civilization na farko yana ɗan 15, yau yana bakin hamsin. Shi kansa Sid Meier da ya ƙirƙiro shi, haihuwar 1954 ne. Don haka sa'anninka sun cika fagen nan.

Ta biyun ce ke buƙatar zama, domin wasannin nan biyu sunan dabara kawai ya haɗa su. Abin da kowanne ke karɓa daga jikin mai buga shi daban ne, kuma a nan ne shekaru ke shigowa.

A Age of Empires II agogo ba ya jiran kowa. Yawancin al'ummomin da ake zaɓa a wasan suna farawa da ma'aikata uku da ɗan leƙen asiri guda a kan doki. Kowane sabon ma'aikaci abinci 50 yake ci, yana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ya fito, kuma ƙa'ida ita ce kada babban gidan gari ya zauna ko na ɗan lokaci bai fitar da wani ba. Gida ɗaya mutum biyar yake ɗauka. Ka manta ba ka gina na gaba ba, komai ya tsaya cak. Kana raba mutane tsakanin abinci, itace, zinariya da dutse, kana neman tumakin da suka warwatsu, sai ka ji ƙararrawa: dawakan abokin gaba sun faɗa wa masu saran itacenka. Ka kai ido can, gonaki sun ƙare a nan, mutum shida suna tsaye hannu rabbana. Ido uku ake so, Allah kuma biyu Ya ba mu.

A irin wannan wasa shekaru suna nunawa, babu amfanin ɓoye maka. A 2014 masu bincike a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun nazarci wasannin mutum 3,305 masu buga StarCraft II, wani wasan dabara da shi ma agogonsa ba ya jiran kowa, daga 'yan shekara 16 zuwa 44. Sun auna tazarar da ke tsakanin lokacin da mutum ya kai dubansa wani sashe na fili da lokacin da ya ba da umarnin farko a wurin. Suka ga tazarar tana fara tsawo tun daga shekara 24. Sai dai sun ga wani abu kuma: manyan suna cike giɓin da amfani da gajerun madannai fiye da yara, da zaɓen dabarar da ba ta da rassa da yawa. A fagen gasar Age of Empires II ma haka. DauT, ɗan Sabiya, haihuwar 1985, ya ci gasar Red Bull Wololo ta uku a farkon 2021 yana da shekara 35, a gaban samarin da suka fi shi saurin hannu nesa ba kusa ba. Hera kuwa, ɗan Kanada da ya mamaye gasanni a shekarun baya-bayan nan, an haife shi a 1999, shekarar da wasan ya fito. Amma kada in yaudare ka da DauT: shi aikinsa ke nan kullum, kai kuma daga ofis za ka dawo.

Civilization VI, wanda ya fito a 2016, bi da bi ake yin sa kamar dara: ka yi naka, ka ce ka gama, sannan sauran su yi nasu. Babu abin da zai motsa sai ka danna. In an kira salla ka tashi ka je ka dawo, rundunarka tana nan inda ka bar ta. Saurin yatsa ba shi da daraja ko ta sisi. Abin da ke da daraja shi ne hangen nesa. Misali, unguwar ilimi tana ƙara kawo maki in ka kafa ta a gindin duwatsu, don haka tun ranar da kake zaɓen inda za ka kafa gari sai ka riga ka hango inda za ta zauna, alhali ba za ka gina ta ba sai can gaba. Wannan irin lissafi ɗan 46 ya fi ɗan 14 iya shi, sau da yawa ma ya fi jin daɗinsa.

To amma Civilization lokaci yake ci, ci kuwa ba na wasa ba. Cikakken wasa a matsakaicin gudu zagaye 500 ne, daga shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 2050. Ba a gama shi a zama ɗaya. Masu buga shi a duniya sun san cutar da ke cikinsa, ta "bari in ƙara zagaye ɗaya in kwanta", har a kira assalatu. Karawa ɗaya ta Age of Empires II kuwa galibi ba ta kai awa guda, an gama an tashi. Ka ga inda abin ya sarƙe ke nan. Wasan da ya dace da hannunka bai dace da lokacinka ba, wanda ya dace da lokacinka kuma ya fi son hannun ɗanka. Shi yaron yana da hannu, yana da hutun makaranta, haƙurin zama yana kallon babansa yana nazarin inda zai sa gona ne ba lallai yana da shi ba. Ga kuma karatun Turanci mai yawa a Civilization, ko da yake wannan riba ce ga ɗan sakandare.

Kafin komai ma, ƙirga kwamfutocin gidanka. Civilization VI yana da tsarin da mutum biyu za su buga a kwamfuta ɗaya, wannan ya gama ya miƙa wa wancan, ba sai da intanet ba, kuma yana ajiye wasan da kansa a kai a kai, don haka ɗaukewar wuta ba ta jawo babbar asara. Age of Empires II, sabon bugun 2019 da ake kira Definitive Edition, sai da kwamfuta biyu, kowa da nasa kwafin, da intanet da ba ya yankewa a tsakiyar yaƙi.

Wani ɗan gefe, tunda yaro zai so ganin na gida. A Age of Empires II akwai Mali, har da jerin yaƙoƙin Sundiata. A Civilization VI akwai Mansa Musa, amma sai ka sayi ƙarin Gathering Storm na 2019. Hausawa kansu suna cikin Age of Empires III, a ƙarin The African Royals na 2021, da Kano a matsayin babban birni, da barade masu lifidi. Sarauniya Amina ta Zazzau kuma tana cikin shugabannin Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025.

Ni dai da ni ne, in akwai kwamfuta biyu, Age of Empires II zan ɗauka, bisa sharaɗi guda: ku kasance ɓangare ɗaya kuna yaƙar kwamfuta. Kamfanin Quantic Foundry, mai nazarin abin da ke jan mutane zuwa wasa, ya nuna a 2016 cewa son gasa ne ya fi saurin raguwa da shekaru, son tsara dabara kuwa kusan ba ya canzawa. Ma'ana yaron zai fi ka ƙishirwar nasara. In kuka kara da juna, cikin 'yan makonni zai fara lallasa ka, kai ka ji ba daɗi, shi kuma ya rasa yadda zai yi murna a gaban mahaifinsa. In kuna tare kuwa aiki ya rabu da kansa. Ku zaɓi fili mai ganuwa ko mai duhun daji, irin Arena ko Black Forest, inda ba a kawo hari da wuri. Kai ka riƙe noma da ganuwa da kasuwa, ka riƙa tura masa zinariya, shi ya ja dawakai ya je ya yi ɓarna. Ana iya rage gudun wasan ma tun kafin a fara.

In kwamfuta ɗaya ce, Civilization VI, amma kada ku taɓa babban fili. Ku ɗauki ƙarami, abokan hamayya kaɗan, ku sa gudu mafi sauri mai zagaye 250, kuma ku yi yarjejeniyar zagaye nawa za a yi kowane dare tun kafin a kunna, don uwar gida ba za ta karɓi uzurin cewa Rumawa ne suka kawo hari ba.

Idan Age of Empires ɗin ka zaɓa, kafin ka kira yaron ka ɗan yi atisaye kai kaɗai da kwamfuta a mataki mai sauƙi. Madannai biyu za ka fara saba wa yatsunka: H, mai mayar da kai babban gidan gari, da ɗigon aya, mai nuna maka ma'aikacin da ke tsaye ba aiki.