Wasiƙa daga Marakish: kayan sanyi, haya da abincin Dutsen Tubkal

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna da Baffa da abokan zamanka na kasuwar Wunti. Ka tambaye ni a kan manyan rigunan sanyi da takalma masu nauyi da ke fitowa a dilar gwanjo, waɗanda ke kwantai a rumfarka har hunturu ya wuce, wai da gaske akwai masu sa su? Akwai su kuwa, kuma na taka har inda ake sa su. Shi ya sa amsar ta yi tsawo.

Kudu da birnin Marakish na ƙasar Maroko akwai jerin duwatsun Atlas, kuma a cikinsu ne Tubkal yake, mai tsayin mita 4,167. Duk Arewacin Afirka babu wanda ya kai shi. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, garin Bauchi kuwa bai wuce 600 da ɗoriya ba. Duk mita dubu da ka hau, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida, sannan ga iska. Daga Disamba zuwa wajen Afrilu saman dutsen a rufe yake da dusar ƙanƙara. Namu hunturun yana fasa leɓe da dunduniya, amma ban taɓa jin ruwa ya daskare a randa ba. A can ruwan gorar da ke rataye a jakarka ma daskarewa yake yi.

Daga Marakish tasi ake shiga ta haɗaka, a bi ta Asni mai cin kasuwa ranar Asabar, a sauka a Imlil cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ƙauye ne a kwari, sama da mita 1,700, mutanensa suna jin Larabci amma nasu yaren, Tashalhit, suke yi a tsakaninsu. Nan kwalta ta ƙare, sauran tafiya ta ƙafa ce da alfadari.

Bari in fara da abin da ya shafi sana'arka. Abu na farko da ja-goranmu ya duba shi ne rigar da ke manne da jikin kowa, kuma duk wanda ya sa ta auduga sai da ya cire. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa, da ka tsaya hutawa iska ta buge ta sai jiki ya hau kyarma. Saboda haka singileti da shadda da wandon jins ba su da aiki a can. Hawa uku ake sa tufafi. Ta ciki siririya ce, ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa. In ka ga an rubuta Merino a wuyan riga, ulun tumaki ne mai laushi, sabuwarta tana da tsada ƙwarai a nan, kada ka zuba ta cikin tarin ɗari biyar-biyar. Ta tsakiya ita ce mai gashi-gashin nan marar nauyi, mai zif. Ta waje kuma ba don ɗumi aka yi ta ba, aikinta tare iska da ruwa, shi ya sa za ka ji ta shara-shara har mai saye ya raina ta. Ka juya cikinta waje. In ka ga an bi duk ɗinkin an manne shi da siririn tef, ta ƙwarai ce, musamman in da tambarin Gore-Tex. In tef ɗin ya fara ɓamɓarewa ko cikin yana zubar da gari, ta mutu, ko da wajen na sheƙi.

Sai kumburarrun nan masu gashin agwagwa. Wasu za ka ga lamba a bakin hannu ko a takardar ciki, 600 ko 700 ko 800. Lambar ba ta girman riga ba ce, ta ingancin gashin ce, kuma mai babbar lamba ta fi ɗumi alhali ta fi sauƙin ɗauka. Gashin yana aiki ne in ya buɗe ya riƙe iska, don haka in an danne su a buhu wata da watanni, ko an wanke da garin sabulu an murɗe, sai gashin ya cure wuri ɗaya. Ka rataye su, ka riƙa kakkaɓewa.

Takalmi kuwa, ka kama gaba da baya ka gwada lanƙwasawa. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa shi ne na dusar ƙanƙara, domin a ƙasansa ake ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora da ke kama ƙanƙara, kuma ba sa zama a kan takalmi mai laushi. Ɗan tambarin ruwan ɗorawa a tafin takalmi mai rubutun Vibram alama ce mai kyau. Amma ka danna farce a soson da ke tsakanin tafin da fatar. In ya daɗe a ajiye, soson nan yakan ruɓe daga ciki, takalmi ya yi kyau a ido amma ya rabu biyu a tsakiyar hanya. Na ga wanda hakan ta same shi a kan dutse, da igiya aka ɗaure masa har ya sauko.

Sababbin kaya a nan ana samunsu a Decathlon, wani babban kantin kayan wasanni, farashi a rubuce, babu ciniki, kuma in ba su yi maka ba ka mayar da rasit. Wannan na mayarwa ya burge ni. Amma kada ka ɗauka mutanen Maroko ba su san gwanjo ba. Kasuwar Bab el Khemis da ke Marakish cike take da na hannu, shagunan Imlil ma rabin kayansu waɗanda baƙi suka bari ne. Na ɗaga riguna a can da na tabbata ka taɓa sayar da irinsu a kuɗin da bai kai rubu'in nasu ba. Shawarata, ka ware irin waɗannan ka nemi ɗaliban da ke tafiya karatu Rasha da Turkiyya da Ingila, da masu zuwa Umara lokacin sanyin Madina. Suna isa can su sayi abin da ya kasa naka da tsada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haya. Mutum zai iso Imlil da 'yar jakarsa kawai, ya shiga shago ɗaya ya fito da takalmi, ƙarafan ƙasan takalmi, ɗan gatarin ƙanƙara, sanduna biyu, safar hannu, jakar barci da tocilar goshi. Ana lissafi ne da kwana. Mai shagon zai zaunar da kai, ya daidaita ƙarafan da takalminka da hannunsa, ya nuna maka yadda ake ɗaure maɗaurin. Ba duka ne masu gaskiya ba, wani ya miƙo mini ƙarafan da haƙoransu suka dakushe, ja-goranmu ya mayar masa ya karɓo wasu. Duk da haka, tsarin ya sa ɗalibi irina ya hau dutsen da in sai ya sayi kayan ba zai taɓa hawa ba, kuma takalmi ɗaya yana ciyar da mai shi shekaru.

Ja-gora dole ne. Tun bayan da aka kashe wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, 'yar Denmak da 'yar Norwe, kusa da Imlil a Disambar 2018, hukuma ta hana hawa ba tare da ja-gora ba, kuma akwai shingen jami'an tsaro da ke rubuta fasfo a hanya. Da farko mutum zai ga kamar ƙarin kuɗi ne kawai. Amma ja-goranmu ya san inda dusa ke zamewa, ya san iskar da ke nuna a juya, kuma shi ke yanka saurin tafiya. Takunsa ƙanana ne, a hankali, har matasan cikinmu suka ƙosa. Dalilinsa shi ne daga mita 2,500 zuwa sama iska na yin ƙaranci, a ƙololuwa kuwa abin da huhu ke samu bai kai kashi biyu cikin uku na bakin teku ba. Mai gaggawa shi ke fara ciwon kai da tashin zuciya, kuma ƙarfi ba ya hanawa. In abin ya yi tsanani maganinsa saukowa.

Alfadarai ne ke ɗaukar kaya daga Imlil, a wuce ƙauyen Armed, a haura zuwa Sidi Shamharush, inda akwai wani babban dutse da aka shafe da farin fenti, mutanen ƙasar na kai masa ziyara, da 'yan rumfunan shayi da ruwan lemo. In dusa ta sauko, alfadari ba ya iya wuce inda ta fara, sai 'yan dako su goya kayan a baya. Tukunyar gas, buhun fulawa, katan ɗin ruwa, duk a bayan mutum suke hawa. Tun da na ga haka na daina ƙorafin cewa ruwan gora a sama ya ninka na Marakish.

Masaukin da ake kwana kafin hawa ƙololuwa yana mita 3,207, tafiyar awa biyar zuwa shida daga Imlil. Gine-ginen dutse ne guda biyu kusa da juna, gadaje hawa-hawa, da murhu a ɗakin cin abinci inda kowa ke shanya safa. Ɗakin kwana ba a ɗumama shi, bargo da jakar barci ne gatanka. Ruwan zafi na wanka da kuɗi. Alwala da ruwan can sai an daure, amma masu kicin suna ɗiba wa mai salla ruwan ɗumi a buta ba tare da ya roƙa sau biyu ba. Malikawa ne kamar mu, mun yi kasaru tare.

To abinci. A nan, Yaya, zan faɗi nasu in faɗi namu. Da isarka za a tare ka da shayi, koren ganye da sukari mai yawa, kuma da yake na'a-na'a na ƙaranci da sanyi sukan sa wani ganye mai ɗaci da suke kira shiba, ɗan'uwan tazargade. Da dare akwai harira, romon tumatir da adas da wake, a biyo da tajin, wato nama ko kaza da dankalin Turawa da karas da zaitun da aka dafa a hankali cikin kaskon ƙasa mai murfi. Ranar Juma'a kuskus. Da safe burodi da man zaitun da zuma, wani lokaci da amlu, wanda ake niƙa almon da zuma da man wani itacen ƙasar da ake kira argan. A ƙauyukan ƙasa na sha kunun sha'ir da bisara, fate ne na busasshen wake mai faɗi da ake zuba wa man zaitun da kamun, kuma ita ta fi komai riƙe ciki ga arha. Kwarin Imlil yana da tuffa da wani ɗan itace mai ƙwanso da suke kira garga'a, mai yawan mai. Abu ɗaya na lura da shi: a tsayin masaukin ruwa na tafasa tun wajen digiri 90, shi ya sa wake ba ya nuna da wuri, sai da tukunya mai matse tururi, kuma kowane kicin na da ita.

Abincin zama nasu yana da kyau, ba yaji dai. Amma guzurin aljihu, wallahi namu ya fi. Baƙi na sayen wasu 'yan sandunan hatsi da sukari a leda da tsada, in sanyi ya kama su sai su yi tauri haƙori ya kasa. Ni kuwa sauran kilishin da ka aiko da dakuwar Inna da dabino na hau da su. Kilishi ba ya daskarewa, ba nauyi, ga gishiri, ga yajin da ke tayar da jiki. Dakuwa ga mai ga zaƙi, kana iya ci kana tafiya. Ja-goranmu ya ɗanɗana kilishin ya tambayi yadda ake shanya shi, ya ce su nasu busasshen naman, gaddid, sai an dafa. Da dambun nama da ƙuli-ƙuli za su samu leda mai kyau da kwanan wata a jiki, da sun yi kasuwa a Imlil.

Ranar hawa ƙololuwa tun kafin asuba ake fita da tocila a goshi, awa uku zuwa huɗu ana haurawa. A sama an kafa wata alama ta ƙarfe mai tsini, daga nan kana hango duwatsu jere har wajen Sahara. Ba a daɗewa saboda iska. Rana a kan farar dusa tana ƙona fuska tana kashe ido na ɗan lokaci, don haka baƙin tabarau na ƙwarai wajibi ne, irin na bakin titi ba ya karewa. Man kaɗanya ya yi mini aiki a leɓe fiye da abin da abokan tafiyata suka saya a kyamis.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Gorunan roba sun ɓata gefen hanya, kuma ɗan dako da ya fi kowa wahala shi ya fi kowa ƙaramin rabo. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta kashe mutum kusan 3,000 a yankin nan, har yanzu za ka ga gidajen da suka tsage a hanyar Asni. Mutanen ba masu kuɗi ba ne, manoma ne da makiyaya. Amma manomi ɗaya yana da alfadari a hanya, ɗansa ja-gora ne, matarsa na gasa burodin masu masauki, ƙaninsa na da shagon haya.

Wannan ne ya sa nake ta tunanin dutsen Zaranda da muke wucewa a hanyar Jos, da duwatsun Mbula na Dass, da Tula da Kilang a ƙasar Kaltungo. Ba mu da dusa, kuma ba a buƙatarta. Daga Nuwamba zuwa Janairu sanyinmu daidai yake da tafiyar ƙafa. A Yankari akwai masu rakiya da ɗakin kwana da ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31, shi ya sa ake zuwa. A duwatsun kuwa, baƙo zai iso gindinsu bai san wa zai tambaya ba, bai san nawa zai biya ba, babu inda zai sha ruwa ko ya kwana. Mafarauta da makiyayan wurin sun san kowace hanya. Abin da ya rage a je wa mai gari, a tsayar da mutum biyu ko uku, a yanke farashi kowa ya sani, a samu mai masa da kunun gyaɗa a ƙasa.

In Allah ya kawo ni hutu ina so mu gwada Zaranda da yaran unguwa, ka ware mana takalma masu taurin ƙasa daga lamba 40 zuwa 44 mu fara hayarsu a gani. Kafin nan, in an samu mai tahowa, a ƙaro kilishi, mai yaji sosai, kuma a ce wa Inna dakuwar ta ƙare. A gaishe da Anti da yara.

Ƙaninka, daga Marakish.