Ofishin bin kuɗin fansho na bayan babbar kasuwa: yana da amfani, amma kada a ruɗu da allonsa

Allon da ke ƙofar ofishin nan ya yi alkawarin da ya fi ƙarfin masu shi. An rubuta da Faransanci cewa suna karɓo wa ma'aikata bashin kuɗin fansho. Ko dala ba sa karɓowa da hannunsu. Aikinsu tsara takardu ne, da rubuta wasiƙa, da naci. Ga wadda ta shiga halin da na shiga kuwa, wannan ma ya ci kuɗinsa.

Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, a wani lungu bayan babbar kasuwar Maraɗi. Mai wurin dattijo ne da ya daɗe yana aikin lissafin albashi kafin ya yi ritaya, sai wani saurayi da ke buga masa takardu a kwamfuta.

Ni 'yar kwantaragi ce a sashen takardun haihuwa na wata ma'aikatar magajin gari ta karkara. Irinmu ba CARENI, asusun fanshon cikakkun ma'aikatan gwamnati, ke biyan mu ba, muna ƙarƙashin CNSS ne, asusun fanshon sauran ma'aikata, wanda muke kira kes. Kowane wata ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashina, ita kuma ma'aikata ta ɗora nata 6.25 na fansho, a kai kes. Haka doka ta ce, haka kuma takardar albashi ke nunawa. Da na cika shekara 60 na je na karɓi lissafin zubina, sai ga shekaru a jere babu komai a gabansu. An cire, ba a kai ba.

Abin da ya fara burge ni da dattijon shi ne bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce in kawo takardar ɗaukar aiki, da katin kes mai lambata, da duk wata takardar albashi da na taɓa karɓa. Nawa suna cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado, gara ta ci gefen wasu. Ya shimfiɗa tabarma ya jera su wata bayan wata, yana danne kowace shekara da dutse don kada fanka ta kwashe. Da jan biro da rula ya ja layi biyu: abin da aka cire a hagu, abin da ya isa kes a dama. Inda takarda ta ɓace bai cike da ka ba, ya bar gurbin ya ce a nemo kwafi wajen mai biyan albashi. A ranar na fara ganin girman ramin da idona.

Ya ce mini, "Hajiya, da kamfanin ɗan kasuwa ne da abin ya zo da sauƙi. Shi yana buƙatar takardar shaidar kes kafin ya nemi kwangilar gwamnati, kuma ana iya kama kayansa. Amma ma'aikatar hukuma, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashen Afirka da dama suka yi tarayya a kanta, ta hana a kama dukiyarta. Ko kin ci shari'a ba mai ja miki motar magajin gari." Saboda haka hanyarsa ita ce a sa ma'aikatar ta amsa bashin a rubuce, a ba sufeton aiki kwafi, sannan ta zauna da kes su yanka yadda za ta biya kaɗan-kaɗan, a saka kuɗin cikin kasafin shekara. Ya kuma haɗo ni da direba da masu shara biyu da muka yi aiki tare, ya ce wasiƙa mai hannu da yawa ta fi wuyar shiga aljihun tebur.

Da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙon ƙwarya, sabon shugaban ya ce ba a zamaninsa aka ci bashin ba. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya sake buga wasiƙar da sabon kwanan wata, ya ƙara layi ɗaya cewa bashin na ma'aikata ne, ba na wanda ya sauka ba.

To, sai abin da bai yi mini ba. An ce jika 20 kuɗin buɗe dosiye, na biya. Ba a gaya mini fotokofi da tambur da kuɗin motar saurayin zuwa ƙauye duk a kaina suke ba, sai da suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya. Daga baya ya nemi mu yi yarjejeniyar kaso cikin abin da zan karɓa, na ƙi, shi ma bai matsa ba. Wasiƙun duk da Faransanci ne, kuma idan ba ka ce a fassara maka ba sai dai a nuna maka inda za ka sa hannu. Ni na iya karantawa; abokan tafiyata masu shara fa? Saurayin kuma ba ya ɗaukar waya, sai ka hau adaidaita ka je ka tarar an ɗauke wuta.

A sani kuma, karɓar lissafin zubi a kes da kai kuka wajen sufeton aiki ba sai da ɗan tsakiya ba. Mai ilimin boko da ƙafa mai lafiya zai iya da kansa, tun ma yana bakin aiki.

Inda muke yanzu: ma'aikatar ta amsa bashin da hatiminta, ta zuba kashi na farko, wasu shekaruna sun fito a lissafi, saura muna jiran kasafi mai zuwa. Mai son zuwa ya je da sassafe, don ranar Juma'a tun hantsi suke rufewa. Ya tafi da takardunsa na asali a gani, amma kwafi kaɗai zai bari a can.