Faifan gwanjon da na saya a Landan

Ruwan sama ne ya koro ni cikin wani shagon tsofaffin faifan garmaho a titin Berwick, unguwar Soho. Ina ta lalube don kada a ce fakewa kawai na zo yi, sai hannuna ya faɗa kan faifan Jazzmatazz na farko, wanda mawaƙin Amurka Guru ya fitar a 1993, inda ya ɗora gambarar hip hop a kan busa da kiɗan manyan 'yan jaz irin su Donald Byrd da Roy Ayers, wanda ya zaga Najeriya tare da Fela a 1979. Kuɗinsa fam 25.

Na miƙa kati, mai shagon ya ce in dakata. Ya zaro faifan daga kwalinsa, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila, ya nuna min wani karce siriri kamar silin gashi wanda ni ban ma gani ba. Bai tsaya nan ba, ya ɗora shi a garmaho, ya ajiye allura daidai wajen, muka ji ƙas, ƙas, sau uku. Ya ce idan ya yi tsalle a gida in dawo da shi in karɓi kuɗina. Wallahi sakin baki na yi. Mai kaya da kansa yana tona asirin kayansa! Ni da na saba jin "Alhaji, sabo ne fil, ko taɓa shi ba a yi ba", ka kai gida ya ƙi aiki, ka dawo a ce kai ka lalata.

Amma fa ba a taya. Na ce ya ɗan yi min ragi saboda karcen, ya ce ai an riga an cire kuɗin karcen, ya juya wajen na bayana. Babu ina gajiya, babu gyara.

Kafin in fita na leƙa akwatin da aka rubuta Afirka. Faya-fayan Legas na shekarun 1970 a cikin leda fes, wasu sun ninka nawa tsada. Sai na tuna faya-fayan Shata na Baba da muke cillawa sama a tsakar gida. Da dare na kira Yaya ya duba min ɗakin ajiya. Ya ce gara ta cinye kwalayen, guda ɗaya da ya rage kuma da shi Inna take rufe randa.