Sharhi Kan Rahoton Shekara na Wata Jami'a Mai Zaman Kanta

Rahoton ya cancanci yabo a inda jami'o'i da yawa ke zamewa: ya raba gudummawar da aka gindaya wa sharaɗi da wadda aka sakar wa jami'a hannu a kanta. Idan mai bayarwa ya ce kuɗinsa na gina ɗakin gwaje-gwaje ne, ba a taɓa su a biya albashi, ko da malamai na bin bashi.

Bayanin asusun waƙafi ma ya fito sarai. Uwar kuɗi tana nan ana juya ta, ana kashe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na darajarta a shekara kamar yadda aka saba, ragowar riba ta koma ciki don kada tsadar kaya ta cinye asusun.

Inda ya gaza shi ne cakuɗa alƙawarin masu ba da gudummawa da kuɗin da suka shiga hannu a layi ɗaya. Alƙawarin da za a cika cikin shekara 5 ba kuɗin bana ba ne, kuma ɗalibi ne wannan ruɗanin yake fara cuta. Mai tallafi ya biya shekarar farko ya yi shiru, yarinya ta shiga aji 2 ta tarar an rufe mata shafin rajista ana saura mako guda jarrabawa. Kamata ya yi a ware kuɗin karatun gaba ɗaya kafin a miƙa takardar tallafi.

Hotunan sababbin gine-gine sun cika shafuka, amma babu layin kuɗin gyara, wuta da ma'aikatan da za su kula da su.